Ƙarafunan Tanti Kubura

A shekarar da sojojin Bangi suka yi bore har sau uku, sai ka ce masu shan magani, Tanti Kubura ba ta fasa koya wa 'yan mata wasan lilo da juyi a kan ƙarfe ba. Filinta bayan siton yayanta Dabo ne, a unguwar Kilomita Biyar. Kayan aikinta bututun ruwa biyu da mai walda ya kafa mata cikin siminti, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai tsohuwar katifa a ƙarƙashi. Tana budurwa ta taɓa zuwa ta huɗu a gasar makarantu, kuma duk unguwa an sha jin cewa alƙalan ne makafi.

Wata uku tana fama da Zaituna, 'yar shekara goma sha ɗaya, kan abu guda: ta ɗora ƙugu a ƙarfen ƙasa, ta wurga ƙafafu baya, ta miƙe a kan hannuwa, kai ƙasa ƙafa sama. Kullum a rabin hanya gwiwar hannun yarinyar take lanƙwashewa.

"Madalla, Zaituna," in ji Kubura. "Haka buhun rogo yake faɗowa daga mota, sai dai shi ba ya ihu."

Wata Talata da hantsi sojoji uku suka shigo, bindigogi a kafaɗa. Dabo, wanda ya sha rantsuwa ba sojan da zai taka masa gida, nan take ya tuna bai yi alwala ba. Sajensu ya ce da harshen Sango ƙarfe suke nema, za su tare Titin Koudoukou.

Kubura ta sha gabansu. "Bismillah, Saje. Kun gama da gidan rediyo, dama saura bututuna biyu ƙasa ta gyaru."

Saje ya girgiza ƙarfen, ko gezau. "Mama, wannan shanya ce ko me?"

"Zaituna, nuna masa shanyar."

Yarinyar ta hau. Ta dubi bakin bindiga, ta wurga ƙafafu, sai ga ta tsaye cak a kan hannuwa. Kubura ta ƙirga uku a zuci kafin yarinyar ta diro.

"Oho," in ji Kubura. "Ashe bindiga kike jira. Da kin faɗa, ai da na aro tuntuni."

Saje ya ce wannan wasan yara ne. Ya miƙa wa ɗaya sojan bindigarsa, ya tofa yawu a tafi, ya ɗare. Ƙafafunsa suka wuce inda aka aike su, ya zubo rigingine, tim! 'Yan matan suka cusa bakin riga a baki. Ya ɗan jima a kwance yana kallon sama, sannan ya daddanna katifar ya ce lallai tana da laushi. Da ita suka fita, biyu na ɗauke, shi yana dafe da ƙugu yana ba da oda.

Washegari iyaye huɗu suka hana 'ya'yansu zuwa. Kubura ta tafi kasuwar Kokoro wurin wani kafinta, ta cika buhuna shida da garin katako, ta ɗinke bakinsu da kanta. Zaituna ta ci gaba da faɗowa a kansu har mako biyu, tana atishawa, kafin ta sake miƙewa ba soja ba bindiga.

Kubura ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce ƙafar hagu ta karkace, a sake.