Ramin da Rannveig Ta Haƙa

Ni dai ban gayyato kowa gonata ba. Hukumar gari ce ta ce kafin a ƙara gidaje a bakin kogi sai an san halin tsagar ƙasar da ta ratsa bayan makiyayarmu, sau nawa ta motsa, yaushe rabonta da girgiza. Aka turo wani masani, Sölvi, dogo mai gemu kamar na bunsuru. Motar haƙa kuwa duk yankinmu babu mai iya ta kamar matata Rannveig, don haka ita aka bai wa aikin.

Ta haƙa masa rami ya gitta tsagar, zurfinsa ya shanye tsayin mutum. Na ce shi ke nan, sai ta dawo mu ji da yankan ciyawa. Ina! Sai ta sauka ciki ta karɓi cokalin gini, suka shiga kankare bangon ramin, suna ja masa zare, suna kafa masa ƙusoshi masu launi. Tun safe har yamma suna kafaɗa da kafaɗa.

Matar da shekara da shekaru hirarmu ba ta wuce tumaki da ruwan sama, yanzu in an zauna cin abinci bakinta ba ya rufuwa. Baƙar tokar aman wutar dutsen Katla da farar ta dutsen Hekla da ke kwance a bangon ramin, Sölvi ya ce kaza, Sölvi ya nuna kaza. Ni kuwa sai in cika baki da dankali.

Kishi ya ci ni, ba na ɓoyewa. Ina kan tarakta ina jiyo dariyarta daga ƙarƙashin ƙasa. Kyafaffen naman ragon da na rataye saboda Kirsimeti ta yanko ta kai masa da gahawa. A tafkin ruwan zafi, inda maza ke jiƙa jiki suna gulma, maƙwabcina Ölver ya tambaye ni ko ya ara mini tsani in je in fito da matata. Aka kwashe da dariya har da ni.

Sannan ta gaya mini Sölvi yana so ta bi shi da abokan aikinsa arewa, garin Húsavík, ta haƙa musu ramuka har ƙarshen rani. Ta ce ba ta amsa ba tukuna, sai ranar da za a cike namu.

Ranar na bar ciyawa a yashe na nufi ramin, na shirya maganganun da zan yaɓa wa mai gemun nan. Sai na tarar ya tafi gari kai samfurin ƙasa wurin gwaji. Ita kaɗai ce a ciki, a durƙushe, tana shafa bango tana magana da kanta, fuskarta duk laka. Rabon da in ga idonta yana haske haka tun muna saurayi da budurwa.

Na ce, "Saboda shi za ki tafi?"

Ta dube ni kamar na zo da wani yare. "Sölvi? Haba Torfi. Sauko ka gani."

Na sauka. Ta ɗora yatsana a kan farin layin toka, muka bi shi har inda ya katse ya faɗa ƙasa da kusan taƙi guda. Ta ce a nan ƙasa ta tsage tun kafin kakanninmu su zo, a layin da ke sama ta sake tsagewa, ta kuma sakewa, kuma an daɗe rabonta da motsi. Alamar tsagewar ta ƙarshe, in ji ta, ita ta gano ta da hannunta, ba Sölvi ba. Sai kishin ya sake salo ya fi na da zafi, don namiji zan iya cakumar kwalarsa, bangon laka fa?

Ta ce, "Kullum ina ba ka labarin nan, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni komai ba. Ga shi a gabanka. Me kake son sani?"

Tana jira, hannuna a cikin nata. Na kalli zaren, na kalli ƙusoshin. Abin da ya fito daga bakina shi ne yaushe za ta cike ramin, kada tunkiya ta faɗa.

Ta sake mini yatsa a hankali. Ta ce yau.

Ta kuwa cike shi tsaf, ta mayar da ciyawar saman yadda take, ko dabba ba za ta yi tuntuɓe ba. Washegari aka ɗora motar haƙa a kan tirela, ta nuna mini inda abinci yake a firji, ta hau gaba suka yi arewa.