Kwalin da Babu Caja

Inna Habi ta dire kwalin wayar a kan teburin Abdulƙadiri, har gilashin ya yi ƙara. Daga Boyekai ta taso tun da safe, ba ta tsaya ko'ina cikin kasuwar Goronyo ba sai shagonsa.

"Kai, dube ni. Ran da ka saida min wagga waya, da caja ciki ko babu?"

"Inna, zauna tukun."

"Ba zama nizzo yi ba. Na buɗe kwali gida, igiya kaɗai na ishe, babu kan caja. Matar ɗana Sauda ita kaɗai ta shiga ɗakin. Na kira ta ɓarauniya gaban mutane, ta kwashe kayanta ta tafi gidansu Tursa. Kwana huɗu ɗana bai ce min uffan ba. Faɗi da bakinka akwai caja, in je in gaya mishi."

Abdulƙadiri ya sunkuyar da kai. Ya ciro sabon kwali, ya yanke ledar a gabanta. Waya, igiya, 'yar takarda.

"Haka suke zuwa yanzu, Inna. Kamfani ya ce shara ta yi wa duniya yawa, kowa na da tsohuwar caja gida."

"Kowa wa? Ni da ban taɓa riƙe waya ba? Sun zo Boyekai sun ƙirga?"

Wani direba da ke jiran gyara ya ce, "Wayo na, Inna. Su rage kwali mota ta ɗauki da yawa, su saida miki kan daban."

"A'a, sharar gaskiya ta," in ji Abdulƙadiri. "Leƙa kwatar bayan shagon ga ki gani."

"Waɗanda kake saidawa masu mutuwa cikin sati, su na cikin kwatar! In don shara na, mi ya hana su rubuta jikin kwali?"

"Sun rubuta." Ya nuna mata wasu ƙananan baƙaƙe a gefe.

Ta daɗe tana kallon wurin da yatsansa yake. 

"Da wane baki?"

"Turanci."

Ya miƙo mata caja, ya ce ta riƙe kyauta. Ta ture hannunsa. Ta ɗaure kwalin a bakin zane ta fita.

A bakin tasha ɗan kabu-kabun da ya kawo ta ya tayar da babur. "Gida, Inna?"

Ta gyara mayafi, ta hau.

"Nawa za ka kai ni Tursa?"