Rota a Gwangwanin Maɓallai

Ruwan farko ya sauka ranar Talata, ƙasa ta yi laushi, taraktar Baba kuma ta ƙi tashi.

Babban ɗan gidan, wanda ƙanwarsa ke kira Injiniya don kawai yana gyaran kwamfuta a birni, ya ɗauki hutun kwana uku ya zo yin huɗa. Wannan ce damina ta farko babu Baba. In ƙasa ta sake bushewa garma ba ta shiga ba, shukar bana ta makara ke nan.

Tsohuwar tarakta ce mai shan fetur, ta girme shi nesa ba kusa ba. In ya murɗa makulli sai ta yi ta gurnani, ba ta kamawa. Ranar farko ya sa sabon batir. Rana ta biyu ya kwance fulogi huɗun ya goge, ya jingina ɗaya a jikin inji, ya ce ƙanwarsa ta murɗa. Ko ƙyas, babu tartsatsi.

"Yaya Injiniya, ka kashe ta ka sake kunnawa mana," in ji ta. "Ba haka kuke wa kwamfuta ba?"

Ya ci gaba da duba wayoyi. Inna ta shigo rumfar taraktar da kofin shayi, ta tsaya tana kallon injin.

"Kai, akwai wani ɗan abu da babanku yake..."

"Inna, don Allah ki koma inuwa. Maganar wuta ce wannan."

Ta ajiye shayin ta koma.

Rana ta uku saman ƙasa ya fara yin fari. Ya zare babbar wayar kwail, mai kai wuta ga fulogai, ya riƙe, ƙanwar ta murɗa, wuta ta fizge shi har gwiwar hannu. Ita ta yi dariya har da zama a kan taya, shi kuwa ya gane abu ɗaya: wuta na fitowa, a hanya take mutuwa. Ya buɗe murfin distirbuta, inda ake raba wa fulogai wuta. Sandar tsakiya tsirara take. Rota, ɗan abin da ke juyawa a kanta yana rabon, babu shi.

Ya kira mai sayar da kayan gyara. Mutumin ya ce rabonsa da ganin irinsa shekara ashirin.

"Sace shi aka yi," Injiniya ya ce, ya zauna a ƙasa. "Shi ke nan."

Ƙanwar ta shiga gida ta faɗa. Jim kaɗan sai ga Inna da gwangwanin maɓallan da ke zama kusa da kekenta na ɗinki. Ta juye a kan tsumma, ta tona da yatsa, ta ɗago wani baƙin abu mai harshen tagulla, bai kai babban yatsa ba.

"Tun da kawunku ya ari taraktar ba izini ya kusa ƙone ta, kullum babanku ya tashi aiki sai ya cire wannan ya ba ni. Da safe ya karɓa. Ranar ƙarshe ya ba ni, bai zo karɓa ba." Ta goge shi da bakin zani. "Shi na zo gaya maka jiya, ka tura ni inuwa."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe baki, ta ce, "Rana na yi. Je ka."

Ya danna rotan a mazauninsa, ya mayar da murfi. Murɗa ɗaya taraktar ta yi tari, ta zubo baƙin hayaƙi, ta kama.

Kafin la'asar ya huɗe rabin gonar, ƙasa na juyowa baƙa da danshinta. Sauran rabin zai gama gobe kafin ya kama hanya. Ya mayar da taraktar rumfa, ya cire rotan yana da zafi, ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna.

"Allah Ya saka da alheri, Inna. Ga ajiyarki."

Ta jefa a gwangwani ta rufe.

"Da safe ka zo da wuri. Babanku ba ya kai hantsi."