Tumbin Giwa a Layin Likita

Seung-tae ya ja hula har gira, ya zauna a kujerar ƙarshe. Asibitin masu damuwa da matsalar cin abinci a saman shagon soyayyar kaza yake, a wani lungu na birnin Daegu, ƙamshi yana ta hawowa ta taga. Wanda ya zaɓi wurin nan ba shi da imani.

Sana'arsa ci, da laƙabin Tumbin Giwa. Yakan kunna kyamara ya share taliyar mutum goma, dubbai suna kallo a waya. Ba sa ganin banɗaki daga baya, da yatsu biyu a maƙogwaro yana amayar da ita. Shekaranjiya jini ya biyo. In labari ya fita, sana'a ta mutu.

Wata tsohuwa ta leƙo fuskarsa.

"Kai! Ba kai ne Tumbin Giwa ba?"

"Ba ni ba ne, Kaka."

"Ƙarya kake, na san bakin nan." Ta zunguri jikarta, wata siririya da ta ɓace cikin ƙatuwar rigar sanyi. "Bo-ra, ga mutuminki. Kullum sai ta kalle ka ta ce ta ƙoshi. Kai ka ci, ita ta ƙoshi, ni in zubar da shinkafa."

"Rakiya na zo," in ji shi. Ya miƙe.

Bo-ra ba ta dubi fuskarsa ba. Bayan hannunsa ta duba, inda haƙora suka bar tabo.

"Yaya, baƙar safar hannun da kake sawa gaban kyamara ba don maiƙo ba ce," ta ce a hankali. "Tun ina kwance a asibiti muka gane, mu 'yan ɗakinmu. Musunmu ɗaya: da ƙafarka za ka zo, ko ɗauko ka za a yi."

"Ke me kika ce?"

"Ɗauko ka."

Nas ta kira sunansa na gaskiya, da ƙarfi kamar mai talla. Ƙofar fita ta fi ta likita kusa. Yana tsaye tsakaninsu tsohuwar ta cusa masa dafaffen ƙwai a aljihu.

"Na bayan ka fito ne. Shi kam ka bar shi a cikinka, da tsada."

Ya shiga. Likita ta gaishe shi yadda kowa ke gaisuwa a ƙasar, ko kai ba ta ɗago ba: "An ci abinci?"

"Na ci," ya ce, kamar kullum.

Ya taɓa ƙwan, da sauran ɗuminsa. Sannan ya cire hular.

"Sai dai ba ya zama a cikina."