Soket a Ɗakin Gyaɗa

Duk Toranke babu wanda ya taɓa jin Malam Inuwa ya ambaci sunan Surayya. 'Yarsa ce ta fari, shi kuwa irin mutanen nan ne da suka ajiye sandar kiwo suka kama fartanya, amma ba su ajiye kunyar gidansu ba. Tun da aka yaye ta, yayarsa Goggo Hanne ta ɗauke ta zuwa Gaya. Can ta yi wayo, can ta yi makaranta, daga can aka kai ta gidan miji a Kano. In ta zo gaisuwar Sallah ta durƙusa ta ce, "Baffa, ina wuni," sai ya amsa yana kallon katanga. In kuma dole ta sa a yi maganarta, sai ya ce "waccan" ko "mutanen Kano". Kada ka ce ba ya sonta. Wallahi yana sonta har cikin ransa, faɗa ne ba a koya masa ba.

To, ga shi Allah ya sauke ta lafiya, haihuwarta ta fari, an samu mace. Bisa al'ada, in an yi suna sai a kawo mai jego gidan iyayenta ta yi wanka har arba'in. Goggo Hanne ta rasu bara, saboda haka gidan da ya rage shi ne nasa. In ta zo, wannan ne karon farko da za ta zauna a gidan ubanta tun tana shan nono. In ba ta zo ba kuwa shi ke nan, don wankan gida na haihuwar fari ne.

Washegarin haihuwar, mijinta Mudassir ya kira uwarta Barira a waya. Barira ba ta iya waya a hankali ba, kullum sai ta saki muryar kowa ya ji, Malam Inuwa kuma yana gefe yana alwala.

"Inna, don Allah a yi mana haƙuri," in ji Mudassir. "Zafin bazarar nan ya yi yawa, jaririyar har ƙuraje sun fara feso mata. Ɗakin da ke wurinku kuma na ga ba wuta, balle fanka. Ina ganin ko ta yi wankan a nan Kano."

"To, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri," in ji Barira, muryarta a sanyaye.

Malam Inuwa ya wanke ƙafar hagu sau biyu bai sani ba.

Gari na wayewa Barira ta iske shi yana jido buhunan gyaɗa daga ɗakin da ke kusa da nata yana jibgewa a rumfa.

"Malam, lafiya?"

"Ɗakin gyaɗa zan gyara. Ɓeraye sun dame ni."

"Ɓeraye," in ji ta. "To, Allah ya taimaka."

Kai, ka ga aiki wurin dattijo! Ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa, ya toshe ramukan ɓerayen, ya yi wa bango sabon yaɓe, ya zuba siminti a daɓe ya goge da cokalin magina da ya aro. Da ya sha iska ya bi shi da farar ƙasa. Sannan ya hau babur ya tafi Gaya, shagon Bala mai kayan wuta, ya ce a ba shi soket, da waya mai tsawo, da bututun da ake zura ta, da salatif.

"Baba, bari in haɗa ka da mai gyara mana," in ji Bala. "Wuta ba ta san tsoho ba."

"Ni zan yi abina. Kai dai nuna mini."

Ba rowa ba ce. In mai gyaran wuta ya shiga gidan da hantsi, kafin la'asar duk majalisar ƙofar masallaci ta ji cewa Inuwa na ta rawar jiki a kan 'yar fari. Gara masa wutar ta ja shi. Bala ya kwance bayan soket ɗin ya nuna masa inda jar waya take shiga da inda baƙa take shiga, ya ce a ɗaure tam, kada a bar gashin waya ko ɗaya a waje. Ya kuma nanata masa har sau uku cewa ya kashe akwatin kafin ya taɓa komai.

Akwatin da ake magana na sola ne, wanda ɗansa Bashir ya haɗa masa a ɗakinsa kafin ya koma wurin aiki. Ƙaramin abu ne, ƙwai ɗaya da fanka ɗaya yake ɗauka, sai cajin waya. Daga nan Malam Inuwa ya jawo waya, ya fitar da ita ta taga, ya bi da bututun ta kan katanga har sabon ɗakin.

Nan fa ginin ƙasa ya nuna masa halinsa. Ya ɗaura soket a bango da sukudireba, ya ja da baya yana kallo da jin daɗi, ya sa hannu ya gwada, sai ga soket a tafinsa tare da guntun bango. Ya sake gwadawa a gefe, haka. Ya zauna a kan buhu yana huci, gumi na ɗiga ta gemunsa. Can ya tashi ya nufi tsohon garke, ya zaro wani tsohon turke na ƙirya tun na shanun mahaifinsa, ya yanko guntu ya fafe shi da gizago. Ya haƙa rami a bangon, ya dasa icen, ya kewaye shi da siminti. Da ya bushe, noti ya kama icen gam.

Barira ta leƙo da kwanon fura, ta ɗaga kai ta dubi inda ya dasa abin, daidai kafaɗar babban mutum.

"Malam, wannan ai ya yi sama. Na gidajen mutane a ƙasa nake gani."

"Yaro mai rarrafe ba ya barin rami bai tura yatsa ba."

"Au, gyaɗar ce za ta yi rarrafe?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ita kuwa ba ta da niyyar ƙyale shi.

"Ko ma wa kake nufi, arba'in za a yi a koma. Wa ya taɓa rarrafe a arba'in?"

Ya daɗe yana murza gashin waya tsakanin yatsunsa. "In wuri ya yi wa mutum daɗi, ai yakan dawo," ya ce a hankali.

Barira ta ajiye furar ba ta ƙara tsokanarsa ba. Tausayinsa ne ya kama ta.

Wataƙila maganar ce ta ɗauke masa hankali, don ya manta da abin da Bala ya nanata. Yana kai hannu kan jar wayar, sai ji ta yi ya ce "Wayyo!" ya yi baya ya faɗa kan buhu, hula ta yi nata wuri. Barira ta saki salati ta yo kansa. Da ta ga yana raye yana yarfa hannu yana zagin kansa, sai dariya ta ƙwace mata, ga hawaye. Ya tashi ya je ya kashe akwatin, ya dawo da ɗan yatsa a kumbure, ya ɗaure ja a wurin ja, baƙa a wurin baƙa, ya rufe.

Sannan ya shiga ɗakinsa ya ɗauko fankarsa, ita kaɗai da ke gidan, ya kawo ya jona. Ya kunna akwatin, ya dawo ya danna. Ta yi ɗan ƙugi, ta juya, ta kama. Iska ta ɗaga gefen mayafin Barira.

"Wayar nan taki tana ɗaukar hoto mai motsi?" ya tambaya, idonsa a kan fankar.

"Tana ɗauka."

"In kin je sunan, kya iya nuna wa mutanen Kano yadda ɗakin gyaɗa ya koma. In sun tambaya."

Ranar suna Barira ta tafi Kano da matan dangi. Shi bai je ba, uban 'yar fari ba ya zuwa ya zauna ana yi masa barka. Washegari tun hantsi yana zaure da mafici a gefensa, wai igiya yake tufka. Duk motar da ta taso daga hanyar Ajingi sai ya ɗaga kai, in ta wuce ya koma kan igiyar. Tsoro yake ji, ba wani abu ba, tsoron ya ga Barira ta sauko ita kaɗai da ƙullin kayan suna. Aka yi azahar shiru. Ana shirin kiran la'asar sai ga wata mota ta rage gudu ta tsaya. Mudassir ya fito ya durƙusa ya gaishe shi. Barira ta fito. Bayanta kuma wata ta sauko a hankali, da abu a rungume cikin farin tawul.

Malam Inuwa ya amsa gaisuwar surukinsa, ya tashi da sauri ya shige ciki, ya zauna gindin darbejiyar tsakar gida ya ba ƙofa baya.

Surayya ta shiga ɗakin. Ta dubi farin bangon da har yanzu yake ƙanshin siminti, ta dubi soket ɗin da ya ɗan karkace, ta dubi fankar. Sai ta fito bakin ƙofa, ta bi bututun da ido, ta kan katanga, har inda ya shige tagar ɗakin Baffa. Ta dubi maficin da ke hannunsa, da tsumman da ke ɗaure a yatsansa.

"Inna," ta ce da ɗan ƙarfi, "wa ya yi wannan aikin?"

"Wani mai gyaɗa ne," in ji Barira.

Ta karɓi jaririyar daga hannun 'yarta, ta je ta ɗora masa a cinya. "Ga amaryarka nan, Malam. Ummu Salma aka sa mata, ana ce mata Baiwa."

To, jika ba ta da kunya a tsakaninta da kakanta, abokiyar wasa ce. Ya buɗe tawul ɗin ya dubi 'yar fuskar da ƙuraje suka yi wa ja, ya kama yi mata fifita.

"Ke kuma haka kike, mummuna da ke? Wa zai aure ki in ba ni ba?" Ya gyara mata tawul ɗin. "To saurara, ki kai saƙo. Ba a taɓa abin nan na bango da jiƙaƙƙen hannu. In rana ta yi sanyi fankar takan rage gudu, kada a tsorata, ba lalacewa ta yi ba."

Surayya ta matso ta durƙusa daga nesa, inda ta saba durƙusawa. "Baffa, mun same ku lafiya? An gode. Allah ya saka da alheri."

Da can katanga yake amsa wa. Yau ya dubi jaririyar da ke cinyarsa, sai ya ga ashe an kawo masa abin da zai riƙa kiran uwarta da shi, wanda ba mai cewa ya yi rashin kunya. Ya gyara murya, ya ɗaga kai ya dube ta.

"Maman Baiwa," ya ce, "sannu da hanya. Shiga ki sha iska."