Ranar da Na Hana a Saki Igiyar Orvar

Ni Gunvor ban yi boko mai nisa ba, a kamfanin gwangwanin kifi na ƙarar da ƙuruciyata, don haka maganata ba ta da ado. Abin da nake taƙama da shi a duniya jirgin ruwana ne, sunansa Orvar. Katakon maɗaci ne tun daga hanci har gindi, da ɗan ɗaki mai gado biyu, da tsohon inji mai tari kafin ya tashi. Ni da marigayi mijina muka saye shi yana ruɓewa a bayan gidan wani manomi. Shi ya kama inji, ni na kama katako. Duk shekara da hannuna nake goge shi in shafa masa man ƙyalli, shafi bisa shafi, har mutum ya leƙa ya ga haƙoransa.

A ƙungiyarmu ta masu jirage yanzu duk na roba ne, sai nawa. Da sanyi ya gabato aka kwantar da ni za a canza mini ƙashin ƙugu. Torsten, shugaban ƙungiyar, ya zo asibiti da furanni.

"Kada ki damu, Gunvor. Zan sa miki shi a sabon sito."

"Mai siminti da hita? Ka san abin da zafi ke yi wa katako."

"Haba, ni za a gaya wa? Ubana jirage yake sassaƙawa. Zan shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a cikinsa, in jera bokitan ruwa, duk mako in duba."

Ya ba ni hannu, na karɓa.

Da ƙanƙara ta narke aka sa ranar saukar da jirage. Rana ɗaya tak ake ɗauko kiren, injin da ke ɗaga jirage ya sa su a ruwa, kowa ya bi layi, mata da kofi da burodin kirfa a kan tebur. Na zo ina dogara sanda, na wuce sito kai tsaye. Buhunan sun bushe ƙamas kamar bandar kifi. Bokitan ba komai sai matattun ƙudaje. Na sunkuya cikin jirgin, sai ga hasken rana yana shigowa ta tsakanin katakai, layi-layi. Na zura wuƙar tebur, ta wuce ba gardama.

Kowa a garin nan ya san jirgin katako yakan sha ruwa kaɗan a kwanakin farko kafin ya kumbura ya toshe kansa. Wannan kam ba sha zai yi ba, nutsewa zai yi.

Na fito na shiga layi. Da layi ya zo kaina, Ebbe mai kiren ya ɗaga Orvar da faffaɗan igiyoyi biyu ya sauke shi a ruwa. Na shiga, kamar yadda kowa ke shiga ya duba nasa kafin a kwance. Kafin in zauna ruwa ya rufe mini idon sawu.

"Gwaggo Gunvor, in saki?" in ji Ebbe daga sama.

"Ka saki, ka je ka gaya wa uwarka kai ne ka nutsar da ni."

Ya cire hannunsa daga ƙarfen sakin igiyar.

Layi ya tsaya cak. Wani daga baya ya ɗaga murya: "Gunvor, wanka kike ne? A kawo miki sabulu?" Aka yi dariya. Na ce ya kawo, ya fi ni bukata.

Sai ga Torsten da sauri, da rigarsa mai ɗaukar ido.

"Gunvor, mutane na jira. Bari a mayar da shi tudu, mu yi magana daga baya."

"A mayar da shi tudu, kiren ya tafi sai ƙarshen shekara, rana ta ƙarasa abin da hitarka ta fara? A ruwa zai zauna, a rataye, har ya kumbura."

"Ba ke kaɗai ce da jirgi ba."

"Ni kaɗai ka yi wa alkawari a gadon asibiti. Sau nawa ka duba shi?"

Ya waiwaya. Kowa ya ajiye kofinsa.

"Kin san aiki ya yi mini yawa bana..."

"Sau nawa, Torsten?"

"Na leƙa kafin Kirsimeti."

Ƙawata Majken, mai raba kofi, ta ce, "Kai! Ɗan Alvar masassaƙi guda? Da tsohon yana da rai da ka sha guduma."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ruwa kuwa ya kusa ƙaurina, sanyinsa na shiga mini sabon ƙugun, amma ban motsa ba. Na ce ba na neman ya saya mini komai. Ya faɗi abin da ya yi a gaban mutanen da suka zaɓe shi, sannan ya shigo ya kama famfon kwashe ruwa.

"Na yi alkawari ban cika ba," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Kunnena ya tsufa."

Ya sake faɗa, har Ebbe ya ji daga sama. Ya cire takalmansa masu tsada ya jera su a bakin gaɓa, ya naɗe wando ya shigo.

Daga nan abin ya zama na kowa. Tsoho Sixten ya kawo buhun garin katako, ya riƙa tura shi ƙarƙashin jirgin cikin bokiti da doguwar sanda, ruwan da ke kutsawa yana jan garin yana cusa shi cikin tsagogin. Masu ƙananan jirage suka ja nasu da tarakta zuwa gangara suna gunaguni. Masu manya suka zauna suna cin burodi suna ba Torsten shawara.

"Da baya ake yi, shugaba, ba da hannu ba!"

Ya ci gaba da bugawa. Ya san famfo, wannan ba zan hana masa ba.

Rana ta karkata kafin Torsten ya fara cin ƙarfin ruwan. Na ce wa Ebbe ya sassauta kaɗan. Ya sassauta. Na ce ƙara. Igiyoyin suka yi laƙwas, Orvar ya tsaya da kansa a kan ruwa, yana sheƙi a tsakiyar fararen robobin nan. Na murɗa makulli, inji ya yi tarinsa ya kama.

Wurin da zan kai shi ya kwanta lungu ne mara zurfi mai taɓo, yana nan kusa. Amma ban bi ta kusa ba. Na miƙe tsaye a gaban sitiyari, ba sanda, na zaga tashar jiragen gaba ɗaya a hankali. Sixten ya cire hularsa. Majken tana ɗaga butar kofi tana ihu.

Torsten na durƙushe a bayana yana haki. "Sai yaushe ke nan, Gunvor?"

"Sai katako ya ƙoshi. Gobe ka zo da abincinka. Kuma a taro mai zuwa kai za ka tashi ka ce a fasa simintin kusurwar sito, a bar wa jirgina ƙasa mai laima."

"Za su cinye ni da rai."

"Hannunka ya tsaya," na ce masa. "Ruwa na shiga."