Tambarin Man Gyaɗar Safara'u

Safara'u na shiga zauren Malam Khalilu ta tarar ya sake goge zanen da gefen hannunsa.

"Haba Malam, ai wannan ya yi kyau."

"Ya cika surutu," ya ce, tari ya sarƙe shi. "Ga ganye, ga saiwa, ga kwalba. Wa zai tsaya kallon duk wannan a kasuwa?"

Maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ta raba su. Ya daɗe yana rubuta allunan shaguna a unguwar Bacirawa, can birni, kafin ciwon ƙirji ya dawo da shi ƙauye. Ita kuwa da man gyaɗa take riƙe da marayunta. A shekarar da tsada ta sa gidaje da yawa suka daina ɗora tukunyar rana, wasu suka fara sayar da gurɓataccen mai da sunanta. Mai shagon da ke sara a wurinta ya aiko cewa in ba ta sa wa kwalabenta alama ba, ya daina karɓa. Shi ya sa ta roƙi Malam Khalilu ya zana mata tambari.

Sai ta kasa zama. Ta ɗora suya, ta leƙa zauren, ta koma, ta sake leƙowa. Tana so ya gama, tana kuma jin kunyar yadda take matsa wa marar lafiya.

"Ko kunu ya ƙi sha," in ji Hure, matarsa. "Sai zane."

Ranar Laraba ya kira ta. Ya ɗora gawayi a allo, ya ja layi ɗaya bai ɗaga hannu ba: kwanson gyaɗa mai siririn ƙugu, ƙarshen layin ya lanƙwaso ya zama ɗigon mai.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Hatimi uku za a yi: ƙarami na murfi, mai da'ira na jikin kwalba, mai faɗi na jarka. Ko yaro ya gani zai gane naki ne."

Ya sassaƙa mata hatimi biyu a jikin tsohon silifa. Na jarkar ya zana shi da tsinke a ƙasa, a ƙofar gida, ya ce sai gobe in ya ji ƙarfi.

Washegari da hantsi tana tsakar matsar ƙuli ta ji salatin Hure ta bayan katanga. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa, hannuwanta sharkaf da mai.

Mai shagon ya karɓi kwalaben a makon nan, har ya ce a ƙaro.

Bayan sadakar uku aka naɗe tabarmin 'yan zaman makoki. Safara'u ta tsuguna a ƙofar gidan tana duba ƙasa. Babu abin da ya saura sai ɗan lanƙwasan ƙugun gyaɗar, sawun kaza ya ratsa ta tsakiyarsa.